Hannunka-Mai-Sanda a Fim ɗin Black Panther: Daga Wakanda Zuwa Ramukan Zinariya na Anka da Bukkuyum

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba dukkan magana ake faɗa a fili ba. Akwai habaici, akwai gugar zana, akwai shaguɓe, akwai kuma abin da ake kira hannunka-mai-sanda, watau a nuna wa mutum abu a kaikaice, mai hankali ya gane, wanda ba shi da labari ya wuce. Makaɗan fada na ƙasar Zamfara da Gobir, irin su Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa, sun ƙware ƙwarai a wannan fanni, domin sukan yi wa ɗan sarki mai jiran gado zambo ba tare da sun kama sunansa ba, sai dai su siffanta shi da wata dabba ko wata tawaya, 'yan fada su yi dariya, baƙo kuwa ya ji daɗin kiɗa kawai. Haka abin yake a rubutaccen adabi. Ɗalibai da yawa sun karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a makarantar firamare, ba su san cewa Iliya jarumin almarar Rasha ne mai suna Ilya Muromets ba, kuma birnin Kib shi ne Kiev, Sarki Waldima kuwa shi ne Vladimir. Sunayen suna nan a gaban mai karatu, an dai naɗa musu rawani ne.

Masu shirya finafinan sadaukai na Amurka sun mayar da irin wannan ɓoyon ishara wata sana'a mai zaman kanta. Fim ɗin Black Panther, wanda kamfanin Marvel ya fitar a watan Fabrairu na 2018, ya fi yawancin 'yan'uwansa cancantar a tsaya a kansa, ba don kuɗin da ya tara ba, ko da yake sun haura dala biliyan 1.3, sai don wasu daga cikin isharorinsa sun taɓa harshen Hausa da Arewacin Nijeriya kai tsaye, kuma ƙashin bayan labarinsa, watau ƙarfe mai daraja da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar mutanen da duniya ke ɗauka matalauta, labari ne da mutanen yammacin Zamfara suka sani da jikinsu.

Asalin labarin

Sadaukin ya fara bayyana ne a mujallar labaran zane mai suna Fantastic Four, lamba ta 52, mai ɗauke da watan Yuli na 1966. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙago shi, dukkansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani ne da suka tashi a birnin New York. Shekarar kanta abin lura ce. A Janairunta aka kashe Sardaunan Sakkwato da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Fabrairu aka tumɓuke Kwame Nkrumah a Gana, a ƙarshen Yuli kuma sojoji suka sake juyin mulki a Nijeriya. Ana cikin wannan hali ne mutanen nan biyu suka zana wata ƙasa ta Afirka, Wakanda, wadda Bature bai taɓa mulka ba, wadda kuma ta fi ƙasashen Turai ilimin ƙere-ƙere, tana da sarki mai suna T'Challa wanda ke sa kayan baƙar damisa in zai fita yaƙi.

Wata uku bayan haka, a Oktoba 1966, Huey Newton da Bobby Seale suka kafa jam'iyyar baƙaƙen fata mai wannan suna a birnin Oakland na jihar Kaliforniya. Mujallar ta riga jam'iyyar, amma sunan ya zame wa kamfanin ƙarfen ƙafa, har a 1972 aka ɗan sauya wa sadaukin suna zuwa Black Leopard don a nesanta shi da siyasa, kafin a koma ga na asali. Ga Bahaushe dai wannan wahalar banza ce, tun da damisa damisa ce ko da wane suna Bature ya kira ta. To, da Ryan Coogler ya zo shirya fim ɗin, sai ya buɗe labarin a Oakland a shekarar 1992. Oakland ce mahaifarsa, ita ce kuma mahaifar jam'iyyar. Abin da kamfanin ya guda a 1972 shi ne aka ajiye a ƙofar fim ɗin, ba tare da an ambaci jam'iyyar ko sau ɗaya ba.

Hausa a fadar Wakanda

A 1998 wani marubuci baƙar fata, Christopher Priest, ya karɓi labarin, ya ƙago dogaran sarki mata da ake kira Dora Milaje. Biyun farko su ne Okoye da Nakia. A yadda ya tsara, ana zaɓo 'yan matan ne daga ƙabilun da ke gaba da juna, a kai su fada a matsayin masu jiran zama matan sarki, domin kowace ƙabila ta ji tana da ƙafa a gidan sarauta. Wanda ya san yadda sarakunan ƙasar Hausa suka riƙa ƙulla zaman lafiya ta hanyar auratayya ba zai ga wani baƙon abu a nan ba. Abin mamakin shi ne harshen da ya ba su. Dogaran nan ba su magana da kowa sai sarki, kuma ba su yi masa magana sai da Hausa, wai don ba a cika jin ta a Wakanda ba, saboda haka sarki zai iya ganawa da su a gaban jama'a ba wanda ya san abin da ake ciki. Littattafan bayani na kamfanin ma sun lissafa Hausa da Yarabanci cikin harsunan ƙasar.

Watau dai an mayar da Hausa zaurance. Lalle akwai ban dariya a ciki, domin harshen da aka zaɓa don rufa asiri shi ne wanda miliyoyin mutane ke ciniki da shi daga Agadas har Kumasi, wanda gidan rediyon BBC ke watsa labarai da shi tun 1957, wanda kuma wani ɗan garin Gummi, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani mai girma a cikinsa. Amma duk da haka matsayi ne na girma, tun da shi ne harshen amana tsakanin sarki da waɗanda ya danƙa wa ransa.

Fim ɗin ya jefar da wannan duka. An bar dogaran da māsunsu, an cire batun aure, an kuma cire Hausa. Dalilin kuwa ba wata doguwar shawara ba ce. A fim ɗin Captain America: Civil War na 2016, wanda aka yi faɗa a Legas kusa da farkonsa, dattijon ɗan wasan Afirka ta Kudu, John Kani, shi ya fito a matsayin mahaifin T'Challa, ya yi magana da harshensa na Xhosa, marigayi Chadwick Boseman ya koya daga gare shi, daga nan Xhosa ya zama harshen Wakanda. (Ɗan cikinsa, Atandwa Kani, shi ya fito a matsayin sarkin yana saurayi a fim ɗin 2018.)

Sauran kayan adon an yi musu tsince-tsince ne daga kusurwa huɗu na nahiyar: bargunan Basotho, da faifan leɓe na Mursi na ƙasar Habasha, da ƙawanyar wuya ta Ndebele, da rawani da shuɗin Buzaye ga ƙabilar fatake, da rubutu mai kama da Nsibidi na yankin Kuros Riba, da dogayen gine-gine masu sanduna a jiki irin na masallatan Tumbuktu. A gidan cacar da ke Busan ta Koriya ta Kudu, sarki ya sa baƙi, Okoye ja, Nakia kore, launukan tutar da ƙungiyar Marcus Garvey ta ɗaga a 1920. Mai kiɗan fim ɗin, Ludwig Göransson, ya je Senegal wurin Baaba Maal, ya ɗauko ƙaramar kalangu ya ba sarki, ya ɗauko sarewar Fulani ya ba abokin gabarsa, Killmonger. Wannan aiki ya jawo wa fim ɗin lambobin Oscar uku a 2019, na tufafi da na tsarin wuri da na kiɗa.

Dajin Sambisa

Arewacin Nijeriya bai fita daga fim ɗin ba don an cire Hausa daga fada. Faɗan farko da sarki ya yi, an rubuta sunan wurin ɓaro-ɓaro a jikin allo: dajin Sambisa, Nijeriya. Ayarin motoci ne na 'yan bindiga ɗauke da matan da aka sato, Nakia ta saje da su don leƙen asiri. Ba a ambaci Boko Haram ba, ba a ambaci Cibok ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake: 'yan mata 276 aka kwashe daga makarantar Cibok a daren 14 ga Afrilu, 2014. Kalmar da kunnen Bahaushe zai fi saurin cafkewa a fim ɗin gaba ɗaya tana nan, watau wallahi, kuma ta fito ne daga bakin ɗan bindiga da ke rantsuwa zai harbe mace. Musulmi da dama sun yi ƙorafi a kan wannan, kuma ƙorafin yana da tushe. Harshen da ya kasance na amanar sarki a takarda ya ɓace, abin da ya rage na kamanninsa rantsuwa ce a bakin mai satar mutane.

Sai dai a yi wa masu fim ɗin adalci a wuri ɗaya. Da sarki ya juya kan ɗan bindiga na ƙarshe, Nakia ta hana shi, ta ce yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Wannan gaskiya ce da ba kowane mai kallo daga nesa ya sani ba. Kwana uku da fitar fim ɗin a Amurka, ranar 19 ga Fabrairu, 2018, aka sace 'yan mata 110 a Dapci ta jihar Yobe. Bayan shekara uku, ranar 26 ga Fabrairu, 2021, abin ya iso Zamfara, aka kwashe 'yan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. Babu jirgin da ya sauko daga sama ya tare hanya ko ɗaya daga cikin waɗannan darare.

Gidan tarihi

A wani gidan tarihi na ƙage a Landan, Killmonger ya tsaya gaban kayan Afirka yana yi wa ma'aikaciyar wurin tambayoyi. Da aka zo kan wani tsohon makamin haƙar ƙasa, sai ta ce daga Binin yake, na ƙarni na bakwai, aikin Fulani. Duk ɗalibin tarihi zai yi murmushi, domin haɗa Fulani da Binin a ƙarni na bakwai kamar a ce an ga raƙumi a cikin kwalekwale ne. Shi kuwa ya gyara mata, ya ce sojojin Ingila ne suka ɗauko shi a Binin amma na Wakanda ne. Isharar tana komawa ga Fabrairun 1897, lokacin da sojojin Ingila suka ƙone birnin Binin suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa. Jamus ta fara mayar da nata a Disamba 2022, Holan ta mayar da guda 119 a Yuni 2025.

Ba kudu kaɗai abin ya shafa ba. A shekarun 1990 an yi ta tonon mutum-mutumin yumɓu na dā a arewa maso yamma, waɗanda dillalai ke kira na Sakkwato da na Katsina, ana tsallakar da su Turai. A shekarar 2000 aka ga biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Faransa, sai a 2002 aka daidaita cewa mallakar Nijeriya ne amma za su zauna can aro na shekara 25.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙasa

Dukkan ƙarfin Wakanda ya dogara ne a kan wani ƙarfe na almara, baibiraniyam, wanda aka ce ya faɗo daga sama cikin wani ƙaton dutse tun zamanin dā. Faɗowar dutse daga sama ba almara ba ce a wannan yanki. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, ba nisa da iyakar Zamfara ta yau, daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. An yanka shi gunduwa-gunduwa, ya watsu a ɗakunan bincike da hannun masu tara kayan marmari a ƙasashen waje. Wani ɗan'uwansa da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita.

Amma ƙarfen da ya fi kama da na Wakanda a ƙasar Zamfara shi ne zinariya. Turawan mulki sun haƙe ta a lardin Sakkwato, aikin ya yi tashe a shekarun 1930, ya durƙushe da yaƙin duniya na biyu. Dokokinsu na ma'adinai sun ɗora mallakar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnati, tsarin mulkin 1999 ya gaji wannan a sashe na 44(3). Saboda haka manomin Bagega ko na 'Yargalma da ya bar garma ya ɗauki diga, a idon doka mai laifi ne a gonar kakansa, kuma mai laifi ba ya kiran malamin lafiya ya zo ya duba masa aiki. Farashin zinariya kuwa ya tashi daga ƙasa da dala 300 kowane oza a 2001 zuwa wajen dala 1,200 a tsakiyar 2010. Babu gero ko dawar da za ta yi gasa da wannan.

Abin da masu haƙar ba su sani ba shi ne, wasu jijiyoyin dutsen suna cuɗe da dalma mai yawa, irin dutsen nan mai walƙiya da mata suka daɗe suna niƙawa su yi kwalli. Ana kawo duwatsun cikin gari a buhu, a farfasa da guduma, a zuba a injin niƙan hatsi, wani lokaci mata su daka a turmi a tsakar gida, a wanke, a kama zinariyar da zaiba, a shanya sauran a inda yara ke rarrafe. Niƙan busasshe ne, ƙura kuwa ta sauka a kan tabarma da ƙwarya da hatsin da aka baza. Ƙaramin yaro yana sa hannu a ƙasa ya kai baki, hanjinsa kuma yana tsotse dalma ninkin-ba-ninkin na babba, ta wuce jini ta isa ƙwaƙwalwa. Agwagi ne suka fara mutuwa. Sa'an nan yara suka fara amai da jijjiga da suma, aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières da ke sintirin sanƙarau su ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a watan Maris na 2010.

Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada jininsu sun kai matakin da ake buƙatar magani na gaggawa, na'urar gwajin ma ta kasa karanta na da yawa daga cikinsu don ya wuce iyakarta. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali mizanin Amurka a lokacin 400 ne. A Yunin 2010 gwamnati ta ce mutum 163 sun mutu, 111 yara. Daga baya aka ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye, a Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru da Bagega da waɗancan biyun. Waɗanda suka tsira, wasu sun makance, wasu sun shanye, wasu kuwa raunin yana cikin fahimta, sai an kai su makaranta yake bayyana.

A nan ne fim ɗin ya fi yin shiru. Akwai ƙabilar mahaƙa a Wakanda, akwai jiragen ƙasa masu walƙiya a cikin ramin, amma ba a ga ƙura ba, ba a ga mai tari ba. Abin da ƙarfen ya yi wa jikin ɗan Adam a can shi ne ya shiga wani tsiro, sarki ya sha ya sami ƙarfi. Jack Kirby ya fi haka sanin duniya. A labarin da ya zana a 1978, waɗanda suka fara kusantar dutsen sun rikiɗe sun zama dodanni, har sai da Bashenga, sadauki na farko, ya tsare tudun ya hana shiga. Fim ɗin ya riƙe sunan Bashenga, ya zubar da cutar.

Maganin da aka yi a Zamfara ba shi da ban sha'awa a majigi. Ba ya yiwuwa a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ya sha gubar, don haka sai da aka fara kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya da shebur, aka kwashe aka binne a rami nesa da gari, aka zubo sabuwa, da taimakon sarakuna da hakimai waɗanda suka sa aka fitar da injinan niƙa daga cikin gari. Sa'an nan aka ba yaran ƙwayar da ke kama dalma ta fitar da ita ta fitsari. An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013, bayan da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a kafofin sadarwa, gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Ƙungiyar likitocin ta gwada yara fiye da 8,000 kafin ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a Fabrairu 2022.

Muhawarar da ta raba fadar Wakanda, ko a buɗe ƙofa ga baƙi ko a rufe, ita ma ba baƙuwa ba ce ga Zamfarawa. Kakanninsu sun sauki Gobirawa, sun ba su wurin zama a Alƙalawa, wajen 1762 Babari ya ci Birnin Zamfara, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19. Wakanda ta iya ɓoye arzikinta a bayan labule. Ramukan Anka da Bukkuyum ba su da labule, kuma hanyoyin da zinariya ke bi ta fita su ne 'yan bindiga suka tare. A Afrilu 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, tana mai cewa akwai alaƙa tsakaninta da ta'addanci. Haramcin bai hana kai hari ba: a makon farko na Janairu 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce an kashe mutum 58, mazauna wurin suka ce sun kai wajen 200. An ɗage haramcin a Disamba 2024, lokacin da oza ɗaya na zinariya ya haura dala 2,600, ninki biyu da ɗoriya na farashin shekarar da agwagin Dareta suka mutu.